Darasin Turanci: Yadda ɗaliban Koriya ke bin zaren sakin layi

 A makon nan za mu leƙa Koriya ta Kudu, mu ga yadda takwarorinku na can ke fama da karatun Turanci.

Kowace shekara, a wata ranar Alhamis cikin watan Nuwamba, masu neman shiga jami'a a ƙasar suna zana jarrabawar da suke kira Suneung, wadda aka fara a 1993. Girman da suke ba ta ya kai ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama na wajen rabin awa a lokacin da ake sashen sauraro na Turanci, don kada ƙara ta hana ɗalibi jin tambaya. Takardar Turancin tana da tambayoyi 45 a cikin minti 70, 17 na sauraro, 28 na karatu. In aka cire lokacin sauraro, abin da ya rage wa kowace tambayar karatu bai kai minti biyu ba.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne wasu tambayoyi iri uku da ke zuwa can wajen ƙarshen takardar. A na farko, ana cusa jimlar da ba ta da gurbi a cikin sakin layi, a ce ɗalibi ya zaƙulo ta. A na biyu, ana yanka rubutu gida uku a hargitsa, a ce ya mayar da kowane yanki mazauninsa. A na uku kuwa ana cire jimla guda, a nuna masa gurabe biyar, a ce ya faɗi inda ta fito. Mutum zai iya sanin ma'anar kowace kalma da ke shafin, ya kuma faɗi tambayoyin nan warwas, domin abin da ake aunawa shi ne ko ya ga zaren da ya ɗinke jimla da 'yar'uwarta.

Ga ɗan Koriya wannan aiki ne ja. A harshensu aikatau yana zuwa ne a ƙarshen jimla. Ba su da kalmomi irin "a" da "the", kuma sukan bar sunan mai aiki ba su ambata ba idan an riga an san shi. Ke nan ƙananan kalmomin da Turanci ke ɗinki da su baƙi ne a wurinsa, sai an koya masa farautarsu da gangan. Duba waɗannan jimloli da muka hargitsa:

A. However, the bridge was too narrow for lorries.
B. Some farmers built a bridge across a stream.
C. So they widened it the following year.

B ce ta farko, domin a nan aka fara kawo gadar, shi ya sa aka ce "a bridge". A na biye da ita: gada ta zama sananniya, ta koma "the bridge", sannan "however" ba ta buɗe zance, sai an faɗi wani abu take zuwa ta karkata shi. C ce ta ƙarshe, domin "it" na nufin gadar, "they" na nufin manoman, "so" kuma tana kawo sakamakon ƙuncin da A ta ambata.

A nan mu Hausawa mun fi su sa'a, ko da yake ba kasafai muke lura ba. Muna cewa "wani yaro ya zo", sai a jimla ta gaba mu ce "yaron ya zauna". Wannan "wani" da wannan "n" ta ƙarshen kalma kusan aikin "a" da "the" suke yi. Jerin jimlarmu ma irin na Turanci ne: mai aiki, aikatau, sannan abin da aikin ya faɗa wa.

Ba muna cewa komai nasu abin koyi ba ne. Yaro ya tashi daga makaranta ya wuce darasin kuɗi da suke kira hagwon har ƙarfe goma na dare, wannan ba abin sha'awa ba ne a ganinmu. Kuma wanda ya haddace "however" da "therefore" kawai, ba ya bin ma'ana, ranar da aka ba shi rubutun da babu su zai tsaya cirko-cirko. Amma dabarar yanka da mayarwa tana da amfani ga mai shirin WAEC ko NECO. Da yawa daga rubuce-rubucen da kuke aiko mana, kowace jimla daidai take ita kaɗai, sai dai in aka sauya musu wuri babu abin da zai canza. Irin wannan rubutu yana cin makin mai shi a insha'i, kuma wanda bai saba ganin zaren ba yakan sha wuya a tambayar taƙaitawa.

Aikin wannan mako: ku haɗu ku biyu. Kowa ya kwafi sakin layi mai jimla biyar ko shida daga littafinsa na Turanci, jimla ɗaya a kowane layi, ya yanka da almakashi, ya hargitsa ya miƙa wa ɗan'uwansa. Wanda ya jera sai ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta nuna masa hanya a kowace jimla. In kun saba, ku yi wa insha'in da kuka rubuta da hannunku haka, ku ga ko abokin zai iya mayar da shi yadda yake. Ku aiko mana da sakin layin da ya fi ba ku wuya, za mu warware guda biyu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.