Dokar Mafi Ƙarancin Albashi Ba Ta Iso Gona Ba: Ina Hakkin Ɗan Ƙwadago?

A ranar 29 ga Yuli 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a wata, bayan yajin aikin da ƙungiyoyin NLC da TUC suka yi a farkon watan Yuni na wannan shekara. A watan Oktoba Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da naira 71,000 ga ma'aikatan jihar Kano. Mun taya 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati murna. Amma yawancin masu bi da ke ƙauyukan Bichi, Tsanyawa, Bagwai, Shanono da Dawakin Tofa ba su ga ko kobo daga wannan ƙari ba, kuma ba mantuwa aka yi ba. Dokar ce da kanta ta ware su.

Gyaran 2024 ya canja adadin kuɗin, ya kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara 5 zuwa 3. Amma bai taɓa jerin waɗanda dokar 2019 ta cire ba. A cikinsu akwai wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi, da mai aikin ɗan lokaci, da mai aikin da ke bin yanayin shekara, kamar noma. Wanda ya san ƙasarmu zai ga kamar hotonta aka ɗauka. Mai yin huɗa da noman fari da maimai, matan da ke roron wake ana biyansu da kwano, mai jingar girbin dawa, ɗan dako a kasuwar Dawanau da ake lissafa masa buhu-buhu, duk suna wajen shingen dokar.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma bai kamata mu yi watsi da ita ba. A kewayen Kano jama'a sun yi yawa, gonaki ƙanana ne, gado ya rarraba su, ba a barin fili ya huta. Mai gonar da ya ɗauki mutum uku yau, shi ma gobe yana iya zama ɗan ƙwadago a gonar wani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin taki da na sufuri suka yi sama, a 2025 kuma farashin hatsi ya faɗi. Idan aka ɗora wa irin wannan manomi albashin wata, zai daina ɗaukar kowa ne kawai. Kuma wane jami'i ne zai bi gona-gona yana duba abin da aka biya?

Sai dai wannan hujja ta ƙaramin manomi ce, ba ta kowa ba. Mai babbar gonar rani a bakin madatsar Watari, ko mai sito a Dawanau da ke tara mata suna tsince riɗi domin fitarwa ƙasashen waje, suna fakewa a inuwa ɗaya da talakan da ke da kadada guda. Nan ne dokar ta gaza.

Akwai kuma muhawara ta biyu. Tsarin mulkin 1999 ya sa batun ƙwadago da mafi ƙarancin albashi a hannun Majalisar Tarayya ita kaɗai. A 2021 an kawo ƙudurin da zai ba jihohi damar yanka nasu, NLC ta fito zanga-zanga, don tana tsoron gwamnoni za su rage. Wasu gwamnoni har yanzu suna son haka. Ko wane ɓangare ya yi nasara, maganar ma'aikacin ofis ake yi. Ɗan ƙwadagon gona ba shi da ƙungiya, ba shi da kujera a teburin tattaunawa.

Hanyar kotu ma ta yi masa nisa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar aiki da albashi. Wa zai bar gona a tsakiyar damina ya shiga birni neman lauya a kan kuɗin kwana uku? Shi ya sa ƙarar takan tsaya wurin mai unguwa, ko dagaci, ko dattawan ikkilisiya.

Idan aka raba naira 70,000 a kan kwana 26 na aiki, kowace rana ta tashi kusan naira 2,700. Namiji mai ƙarfi yana iya samun haka ko fiye a lokacin noma. To ina matsalar? Aikin na 'yan watanni ne, ana yawan cewa “sai ranar kasuwa” ko “sai an sayar da amfani”, ana rage kuɗin bayan an gama aiki, mata da yara kuma su ne ake biya mafi ƙanƙanta. Jinkiri da rashin tsayayyar magana sun fi cutar da mutanenmu fiye da adadin.

A nan maganar ta shigo gidanmu. A bencin majami'a ɗaya mai gona da wanda ya yi masa noma suke zama. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta a biya talakan ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aiki, kafin faɗuwar rana, ko ɗan gari ne ko baƙo. Yaƙub 5:4 ya ja kunnen masu danne ladan masu girbi. Saboda haka rashin doka ba ya zama mana uzuri, ko Kirista muka ɗauka aiki ko maƙwabcinmu Musulmi.

Ikkilisiya ma mai ɗaukar ma'aikata ce. Yawancin majami'unmu na ƙauye ba su da ma'aikata 25, don haka doka ba za ta tambaye mu abin da muke ba mai bishara, malamin makaranta ko mai gadi ba. Ya kamata kowane kwamiti ya buɗe littafinsa ya duba: nawa muke biya, wata nawa ake binmu? In baiko bai isa ba, a faɗa wa jama'a gaskiya, a cika da hatsi lokacin kaka, a rubuta.

Ga masu gona, a yanke kuɗi a gaban shaida kafin a sa fartanya a ƙasa, a biya da yamma, kwanon da aka auna wa namiji shi za a auna wa mace. Wanda ba shi da kuɗi a hannu ya faɗa tun farko, ko ya nemi gayya.

Bisa sabon wa'adin, za a sake duba albashin a 2027. Kafin nan, bari shugabannin gundumominmu su rubuta wa 'yan majalisar da ke wakiltar Kano ta Arewa, su nemi a bambanta ƙaramin manomi da babban mai gona, a kuma sa ƙa'idar biyan ladan yini a kan lokaci. Allah ya ba mu zuciyar yin adalci tun kafin doka ta tilasta mana. Amin.