Nadamar Kusa'i da Cizon Yatsan Mumini

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwa, idan Larabawa suka so kwatanta wanda nadama ta kai masa iya wuya, sai su ce ya yi nadamar Kusa'i. Malam Maidani, wanda ya rasu a shekara ta 518 bayan Hijira, ya kawo asalin maganar a littafinsa na karin magana, Majma'ul Amsal.

Shi Kusa'i makiyayi ne. Ya reni wani itace har ya ƙosa, ya sassaƙa baka da kibau 5. Wani dare ya yi kwanton jakunan jeji. Duk kibiyar da ya harba sai ta huda jaki ta fice, ta bugi dutse, tartsatsi ya tashi. Shi kuwa a duhu ya zaci kuskure yake yi. Da kibau suka ƙare, sai fushi ya ɗebe shi ya karya bakan. Gari na wayewa ya ga jakuna 5 kwance matattu. Don takaici ya kama babban yatsansa ya datse. Mu ma Hausawa cizon yatsa muke cewa, kuma Alƙur'ani, a Suratul Furƙan aya ta 27, ya siffanta azzalumi da cizon hannayensa ranar Alƙiyama.

A ganina, yawancinmu a cizon yatsa muke tsayawa, mu ɗauka mun tuba. Gaskiya ne hadisin Ibnu Mas'ud a Sunanu Ibni Majah ya kira nadama tuba, domin ita ce ginshiƙinta. Amma asalin kalmar tauba a Larabci komawa ne, shi kuwa Kusa'i ba shi da wurin komawa: baka ya karye, yatsa ya tafi, ɓarna biyu ke nan. Mumini yana da ƙofa a buɗe muddin rai bai kai maƙogwaro ba. Shi ya sa Imamu Nawawi, a Riyadus Salihin, ya haɗa nadama da barin saɓon da ƙudurin rashin komawa, sannan da mayar da haƙƙi ga mai shi.

Don haka wanda ya ci dukiyar maraya, kuka a sujada ba zai wadatar da shi ba sai ya mayar. In ba haka ba, tuban muzuru ne, kaza a baki.

Allah Ya sa mu yi nadama tun tana da amfani, amin.