Fom Kaɗai Ba Ya Kai Yaro Jami'a

Raina ya ɓaci a makon nan, kuma wata yarinya 'yar unguwarmu ce sanadi. Ta samu maki mai kyau a JAMB, kiredit ɗinta na NECO sun cika, burinta likitanci. Ashe tun ranar rajista wanda ya cike mata fom ya sa mata Lissafi a gurbin Bayoloji, alhali mai neman likitanci Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ake so ya rubuta. Mahaifinta tela ne, bai san wannan ba. Mahaifiyarta da ta ɗauki adashe ta biya kuɗin, ita ma ba ta sani ba. Shekara guda ta tafi a banza, ga layinsu cike da masu digiri da ke wuce ta safe da yamma.

Abin da ke kayar da yaranmu sau da yawa ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ba ne, rashin mai nuna hanya ne. Ɗan gidan boko yana jin waɗannan abubuwa a falon gidansu. Ɗan talaka kuwa sai ya faɗa rami sannan a ce masa ai da ka tambaya. Ya tambayi wa?

Tun 2017 JAMB ke ba da gurbi ta manhajar CAPS, kuma sai ɗalibi ya shiga ya amince da gurbin da kansa. Akwai masu zaman jiran takarda a gida har wa'adi ya wuce. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'ar ke yi wa hidima, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Kason nan na ƙarshe yawancin jihohinmu na ciki, amma yara nawa suka san da shi lokacin zaɓen makaranta? Wa ya zaunar da su ya yi musu bayanin IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ko kwalejin ilimi, ko makarantar koyon jinya, ko bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024?

Masu bin wannan shafi sun san ra'ayina kan 'yan siyasar da ke raba fom kowace shekara. A tara yara a rana, a ɗau hoto, a watsa a Facebook, a watse. Babu mai komawa ya ji wa ya ci, wa ya samu gurbi. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma ba su tsira ba. A ɗinka anko, a kama otal, a ci a sha, makarantar da ta yi su kuma ba ta da malamin ba da shawara ko ɗaya. Wannan abin kunya ne, kuma ba zan daina faɗa ba.

Za a ce aikin gwamnati ne. Haka ne, amma kafin ta farka yaran bana sun rasa shekararsu.

Don haka kai likita, ke lauya, kai injiniya, ke malamar jami'a, ku koma makarantunku da unguwanninku. Ku fara da 'yan SS1, domin a nan ake zaɓen kimiyya ko adabi, a nan kuma kuskuren ke soma tsiro. Ka ɗauki yara kaɗan ka riƙe su har su shiga aji a babbar makaranta. Ka duba darussan da suka zaɓa, ka tabbatar sunan da ke kan NIN ɗinsu ya yi daidai da na takardunsu, ka raka su cibiyar rajista, ka zauna da iyayen 'yan mata musamman. Ba kuɗi ake nema a wurinka ba. Kai ma wani ne ya nuna maka hanya, kuma wannan bashi ne da ke wuyanka. Ka biya shi kafin a buɗe rajistar baɗi.