Kano Zuwa Maiduguri: Don Me Kusa Ta Zama Nesa?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Maiduguri, in an auna a miƙe, kimanin kilomita 500 ne. Jirgin fasinja na zamani ba ya cika awa ɗaya a sama kafin ya sauka. A mota kuwa, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, tafiyar ta kusa kilomita 600, kuma kusan yini take ci.

To, amma duk ranar da babu jirgin da zai tashi kai tsaye, tilas matafiyi ya fara yin kudu zuwa Abuja, kimanin kilomita 360, sa'an nan ya juyo gabas ya yi wasu 700. Watau tafiyar kilomita 500 ta haura 1,000, ga kuɗin tikiti biyu, ga zaman jira. Ma'aikacin da aka tura taro, da ɗalibin Jami'ar Maiduguri, da mai kai majinyaci asibiti, su ne ke ɗaukar wannan nauyi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Tun 1936 jiragen kamfanin Imperial Airways masu tasowa daga Khartoum suke sauka Maiduguri kafin su iso Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, ta garuruwan nan biyu jiragen yaƙin Ingila suka riƙa bi daga Takoradi zuwa Masar. Abin da ya yiwu shekara 80 da wani abu da suka wuce, bai kamata ya gagare mu yau ba.

Wani zai ce ai ga mota. Lalle akwai ta, amma kada a manta da matafiyan da aka kashe a Auno ran 9 ga Fabrairu 2020, sa'ad da dare ya riske su a bakin hanya.

Tun da Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, zirga-zirgar cikin gida ta koma hannun 'yan kasuwa, su kuwa inda riba take nan suka fi karkata, watau Legas da Abuja. Ba a zarge su ba, don ba sadaka suka fito yi ba. Hakkin haɗa garuruwa na hukuma ne.

Jihar Akwa Ibom ta kafa Ibom Air, ya fara aiki a 2019. Ba lalle ne Kano da Borno su sayi jirgi ba. Ya isa su haɗa kai da wani kamfani mai ƙaramin jirgi irin ATR 72, mai ɗaukar mutum kamar 70, su lamunce masa wasu kujeru na ma'aikatansu, shi kuma ya tsayar da ranaku da lokaci, ba fashi. In fasinja ya sakankance jirgi zai tashi, zai zo.

Muna kira ga Gwamnatocin jihohin nan biyu da Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ta Tarayya su dubi wannan al'amari tun da wuri.