Bulalar Annabawa: Don Bayan Wa Aka Yanko Ta?

Jama'a masu karatu, akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a wurin waɗansu masu wa'azi, wadda muka ga ya wajaba mu yi magana a kanta cikin wannan shafi, ko da za a ji haushinmu. Da zarar an ji wani gari ya ƙone, ko fari ya cinye amfanin wata ƙasa, ko annoba ta faɗa wa wata kabila, tun ba a gama binne matattu ba sai ka ga mutum ya miƙe da Littafi Mai Tsarki a hannu, ya buɗe wajen Irmiya ko Ezekiyel, ya ce ai ga shi nan a rubuce, hukuncin Allah ne ya sauko musu domin sun ci amanarsa. Masu sauraro su kaɗa kai, su watse da sanyin zuciya, kowa yana jin shi kam ya tsira. Mu dai mun ce wannan karatu karkatacce ne. Annabawan nan sun yanko bulalarsu domin bayan mutanen gidansu, wanda kuwa ya ɗauke ta ya je yana zabgar maƙwabci da ita ya yi sata, ya kuma yi zalunci. Tun shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, saboda haka duk wanda ya ga mun faɗi abin da ba shi ne ba, sai ya buɗe ya ƙaryata mu.

Bari mu fara da Amos, makiyayi daga Tekowa ta ƙasar Yahuza. A zamaninsa Bani Isra'ila sun rabu mulki biyu, na arewa mai suna Isra'ila da babban birninsa Samariya, da na kudu mai suna Yahuza da babban birninsa Urushalima. Wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin Sarki Yerobowam na biyu, Amos ya hau arewa da saƙo. Ku duba yadda ya ɗana tarkonsa. Ya fara da Dimashƙu, ya lissafa muguntarta cikin yaƙi. Ya koma kan Gaza da Taya, masu kwashe gari ɗungum su sayar bayi. Ya bi ta kan Edom da Ammon da Mowab, kowa da laifinsa, kowa da wutar da za ta ci fadarsa. Ya taɓa Yahuza ma. Lalle mai sauraro ɗan arewa ya ji daɗi har kunne, gama duk waɗannan abokan gabarsa ne ko abokan kishinsa. Sai da aka zagaye shi sarai, sa'an nan Amos ya juyo ya ambaci Isra'ila, laifinta kuwa ya fi na kowa tsawo a cikin lissafin. Masu wa'azin da muke magana a kansu sun karanta zagayen, sun rufe littafin kafin a iso ƙofar gida. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

To, mene ne cin amanar da aka tuhumi Isra'ila da shi? Kada wani ya zaci mutanen nan sun bar ibada. Wurin sujada na Betel cike yake, ana kai hadaya da zakka, ana waƙoƙin idi da molaye. Abin da Amos ya gani shi ne ana sayar da matalauci saboda bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba, alƙalai a ƙofar gari suna karɓar toshiya, mai bin bashi yana shimfiɗa rigar jingina ya kwanta a kanta a gindin bagade, 'yan kasuwa kuma sun ƙosa Asabar ta wuce su koma rage mudu da cuɗa alkama da ƙaiƙayi. Ya ambaci gidaje da gadaje na hauren giwa, masu tonon kufai kuwa, da suka haƙa Samariya tsakanin 1931 da 1935, sun tono ɗaruruwan gutsattsarin hauren giwa masu zane, shaidar ƙasa ta zo ta tsaya kusa da shaidar makiyayi. Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙararsa wurin sarki, ya ce masa ya koma Yahuza ya ci abincinsa a can, gama nan wurin sujadar sarki ne. Ba a cika shekara hamsin ba Assuriyawa suka ci Samariya a shekara 722, Sarki Sargon kuma ya sa aka rubuta cewa ya kwashi mutum fiye da 27,000 daga cikinta.

Kalmar cin amana ita kanta ta isa ta kashe gardamar. Ba a cin amanar wanda ba a ƙulla kome da shi ba. Shi ya sa Yusha'u, wanda ya yi annabci a wannan ƙasa ta arewa, ya kwatanta al'amarin da aure. Ya auri Gomer, ta haifi 'ya'ya, aka raɗa wa 'yar suna mai ma'anar wadda ba a ji tausayinta ba, ɗan kuma suna mai ma'anar ba jama'ata ba. Maganarsa duka maganar miji ce wanda matarsa ta bi gumakan Ba'al tana zaton su ke ba ta hatsi da mai da ulu. Miji kuwa matarsa yake tuhuma, ba shi da ƙara a kan matar wani. Wanda duk ya ce shi na Allah ne, ya riƙe alkawari a hannu, shi ne na fari da ayoyin nan suke nufi, kusancinsa kuma shi ne ya ƙara wa laifinsa nauyi.

Yahuza ta ga abin da ya sami 'yar'uwarta, ta kuwa yi daidai abin da masu wa'azinmu ke yi, watau ta ce ai su ne masu laifi. A shekara 701 Sennakerib ya zo, ya ci garuruwa masu ganuwa 46 bisa ga lissafinsa, har ya sa aka sassaƙa hoton cin Lakish a bangon fadarsa ta Nineba, sassaƙar tana nan a gidan kayan tarihi na Landan har yau. Amma Urushalima ta kuɓuta. Daga nan mutane suka ɗauka birnin da Haikali ke ciki ba ya ciwuwa. Bayan shekara kamar casa'in, a farkon sarautar Yehoyakim, Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikalin nan, ya ce musu su daina jingina da gini, su je Shilo su ga kufan wurin sujadar da ya riga wannan. Ya tuhume su da sata da kisa da zina da rantsuwar ƙarya da danne baƙo da maraya da gwauruwa, sa'an nan su shigo ɗakin Allah su ce sun tsira. Firistoci da annabawan fada suka kama shi suka ce sai a kashe shi.

Akwai labari guda a sura ta 34 ta littafin Irmiya da muke so kowane mai karatu ya riƙe, domin a cikinsa aka nuna cin amana tsirara. Sa'ad da rundunar Nebukadnezzar, Sarkin Babila, ta kewaye Urushalima, tsoro ya kama Sarki Zadakiya da manyan gari. Suka tuna da dokar da suka daɗe da yin watsi da ita, wadda ta ce bawa Ba'ibrane ya yi bauta shekara shida, a ta bakwai a sake shi. Suka shiga Haikali suka yi alkawari, aka tsaga maraƙi biyu suka ratsa ta tsakani, kowa ya 'yanta bayinsa da kuyanginsa. Ana nan sai rundunar Masar ta taso, Babiloniyawa suka janye domin su tare ta. Kai, da manyan nan suka ga fili ya yi sarari, sai suka bi 'yantattun nan ɗaya ɗaya suka kamo su, suka mai da su bauta! Irmiya ya aika musu cewa tun da sun ƙi sakin 'yan'uwansu, su ma za a sake su, amma ga takobi da annoba da yunwa. Haka nan Ezekiyel, daga can zaman bauta a Babila, ya lasafta karya rantsuwar da Zadakiya ya yi wa Nebukadnezzar a kan raina rantsuwar Allah ne, ko da yake wanda aka yi wa ita mai bautar gumaka ne, maƙiyi kuma. Babiloniyawa suka komo. A shekara 587, waɗansu masana sun ce 586, aka fasa ganuwa, aka ƙone Haikali, aka yanka 'ya'yan Zadakiya a gabansa a Ribla, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce, ashe annabawan nan ba su yi wa al'ummai na waje annabcin halaka ba? Sun yi, surori masu yawa ma, ba mu musu. Amma sai a duba a kan me. Ishaya ya ce Assuriya sanda ce a hannun Allah, sandar kuwa ta yi girman kai, ita ma za a karya ta, Nineba ta faɗi a shekara 612, Babila ta bi ta a 539. Sa'an nan a buɗe Obadiya, wanda ya fi kowane littafi gajarta a Tsohon Alkawari. Laifin Edom a cikinsa shi ne ta tsaya tana kallo ranar da aka ci Urushalima, ta yi murna da masifar ɗan'uwanta, ta tare hanyar masu gudu. Ezekiyel ya tuhumi Ammon da yin shewa da tafi, ya tuhumi Taya da lissafin ribar cinikin da zai komo gare ta. Ku lura fa, annabawa da bakinsu suka ce Urushalima ta cancanci abin da ya same ta, duk da haka wanda ya yi mata dariya bai tsira ba. Ashe mai nuna gawar maƙwabci da yatsa yana da babi nasa a cikin littafin, sai dai babin Edom ne.

Za a kuma ce, to, kuna so a daina faɗar hukunci ke nan, a riƙa shafa wa mutane zuma a baki? Ko kaɗan. Mai shafa zuma shi ne Hananiya, wanda ya karya karkiyar da Irmiya ya rataya a wuya, ya yi wa jama'a alkawari cewa cikin shekara biyu za a komo da kayan Haikali daga Babila, shekarar kuwa ba ta ƙare ba ya mutu. Abin da muke nema ga mai wa'azi shi ne ya faɗi hukunci inda annabawa suka faɗe shi, a gaban waɗanda suke ciyar da shi, a kunnen mai mudu biyu da ke zaune a sahun gaba. Awon da za a yi masa mai sauƙi ne, a tambaya me wa'azinsa ya jawo masa. Irmiya ya sha duka, ya kwana a turu. Yehoyakim ya yi ta yankan littafinsa da wuƙar fiƙe alƙalami yana jefawa a kaskon wuta har ya ƙare. Daga baya aka zura shi cikin rijiya mai laka, sai wani bafade mutumin Kush, Ebed-melek, ya cece shi da igiya da tsummoki. Uriya ɗan Shemaiya, wanda ya yi irin wannan wa'azi, har Masar aka bi shi aka kamo, aka kashe. Wa'azin da ya tsine wa na nesa, mai yinsa ya koma gida da yabo da goro, ba daga wannan zuriya ya fito ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kada a ce wannan gardamar malamai ce kurum, babu jini a cikinta. Shekaru ɗaruruwa masu wa'azi a Turai suna tsamo ayoyin nan suna cewa ga shaida Allah ya yar da Yahudawa har abada. A shekarar 1096 taron masu tafiya yaƙin gicciye suka karkashe Yahudawa a garuruwan bakin kogin Rayin, a ƙasar Jamus. Hitila ba daga annabawa ya ɗauko aƙidarsa ba, amma ya iske gona an riga an share masa, kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. Sai a 1965 babban taron shugabannin Katolika a Rum ya bayyana cewa kada a ƙara nuna Yahudawa kamar Littafi Mai Tsarki ya ce la'anannu ne.

Alhali kuwa wa ya adana littattafan nan? Mutanen da aka tsauta wa su ne suka kwafe tsautawar da hannunsu, tsara bayan tsara, ba su kankare ta ba. Naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran a 1947 ya girmi haihuwar Almasihu da shekara ɗari ko fiye. Har wa yau, a Asabar uku da ke gaban ranar tunawa da rushewar Haikali, Yahudawa sukan karanta faɗan Irmiya da na Ishaya a majami'unsu, a kan kansu, sa'an nan su bi da Asabar bakwai na karatun ta'aziyya. Wannan shi ne karatun da ya dace da littafin. Annabawan ma ba su tsaya a kan halaka ba, gama Yusha'u ya ce za a juya sunayen 'ya'yan nan su zama na rahama, Irmiya kuwa, yana tsare, maƙiya na bakin ganuwa, ya auna shekel 17 na azurfa ya sayi gona a Anatot, aka sa takardar ciniki a tulu domin ta daɗe.

Saboda haka, mai karatu, in an buɗe maka Amos ko Irmiya ana nuna maka gobarar wani gari, ka roƙi mai karatun ya ci gaba har ya iso inda aka yi maganar mudu, da toshiya, da jingina, da alkawarin da aka ɗauka ranar tsoro aka warware ranar sauƙi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ka kuma kai masa guga. Iyakar abin da za mu ce ke nan a wannan mako. Allah ya sa mu cika amanar da muka ɗauka, amin.