Kalandar Asibiti Ko Kalandar Jiki: Wace Za A Bi Wajen Dashen Ɗan Tayi?

Duk matar da ta kai matakin da aka ce mata 'ya'yan tayinta suna ajiye a daskare, ta riga ta sha mafi yawan wahalar. An yi mata alluran da ke sa ƙwai su nuna da yawa, an zuƙo ƙwan, an haɗa su da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan aka adana waɗanda suka yi kyau cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Abin da ya rage shi ne a narkar da ɗaya a mayar da shi mahaifa. A daidai nan ake yanke wata shawara wadda sau da yawa ba a ma sanar da mai jikin cewa akwai zaɓi a cikinta: ta wace hanya za a shirya mahaifar ta karɓi baƙon?

Mahaifa ba ta karɓar ɗan tayi a kowane lokaci. Sai shimfiɗar cikinta ta yi kauri da taimakon sinadarin istirojin, sannan sinadarin firojestaron ya jiƙa ta na wasu kwanaki, kafin ƙofa ta buɗe na ɗan taƙaitaccen lokaci. Hanya ta farko ita ce a bar jiki ya yi wannan aiki da kansa. Likita yana bibiyar ƙwan da ke girma ta hanyar hoton ciki da gwajin jini ko fitsari, har ya gano ranar da aka sake shi. Wani lokaci a yi allura ɗaya don a tsayar da ranar. Ɗan tayi mai kwana biyar sai a dasa shi kimanin kwana biyar bayan fitar ƙwai. Hanya ta biyu kuwa ta magani ce zalla. Ana ba mace istirojin na kimanin mako biyu, wanda yakan hana ƙwai fita a wannan watan, sannan a ƙara mata firojestaron na matsi ko na allura, a ƙirga kwanaki a yi dashen. Idan ciki ya kama, za ta ci gaba da magungunan har zuwa mako na goma ko na goma sha biyu, lokacin da mabiyiya ta karɓi aikin.

Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane abin da ya sa asibitoci ke son hanya ta biyu. Ƙwai bai san Lahadi ba, bai san ranar Sallah ba. Wanda ya bi jiki dole ya buɗe ɗakin gwaji a ranar da jikin ya zaɓa, wanda ya bi magani kuwa shi ke zaɓar ranar. Ita ma mace tana samun sauƙi: zuwa asibiti yana raguwa, ma'aikaciya za ta iya neman hutu tun da wuri, kuma ba a cika soke dashe don an rasa gane ranar fitar ƙwai ba.

Da a ce magani yana ƙara damar haihuwa, da magana ta ƙare. Amma ba ya ƙarawa. Wani gwaji da aka yi a Holan, aka buga a 2016, bai sami bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin hanyoyin biyu. A 2024 mujallar Lancet ta buga wani daga birnin Ho Chi Minh na Biyetnam, inda aka raba mata 1,428 masu al'ada daidai gida uku ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka bi jikinsu kawai, kashi 37 cikin ɗari sun haihu. Waɗanda aka bi jikinsu tare da allurar sakin ƙwai, kashi 33. Waɗanda aka yi wa ta magani, kashi 34. A lissafin masu bincike waɗannan alkaluma kusan kunnen doki ne.

Bambancin yana wani wuri dabam, kuma sai bayan watanni yake bayyana. Idan ƙwai ya fita, gurbin da ya bari ba ya zama kango. Yana rikiɗewa ya zama wata ƙaramar tsoka mai launin rawaya, wadda likitoci ke kira kofas lutiyum da Latin. An daɗe ana ɗaukar wannan rawayan gurbi a matsayin masana'antar firojestaron kawai, saboda haka aka ga ai ana iya maye gurbinsa da abin da ke cikin kwalba. Daga baya aka lura cewa yana fitar da wasu sinadaran, ciki har da rilaksin, wanda a jikin mace mai ciki daga nan kaɗai yake shiga jini. Rilaksin yana cikin abubuwan da ke sassauta jijiyoyin jini tun farkon ciki, su buɗe, ƙoda ta ƙara tace jini, zuciya ta ɗauki ƙarin nauyin da ke tafe. Matar da aka shirya da magani zalla ba ta saki ƙwai ba, don haka ba ta da rawayan gurbi, ba ta da rilaksin, kuma babu shi a cikin magungunan da ake ba ta.

A 2019 wasu masu bincike daga jami'o'in Stanford da Florida a Amurka suka buga abin da suka gani a mujallar Hypertension. Matan da suka ɗauki ciki ba tare da rawayan gurbi ba, manyan jijiyoyinsu ba su sassauta yadda ya kamata ba a watannin farko. Hawan jinin ciki mai taɓa ƙoda da hanta, wato wanda idan ya tsananta yake kai wa ga jijjiga, ya kama kashi 12.8 cikin ɗari na waɗanda aka shirya da magani, alhali a waɗanda aka bi jikinsu kashi 3.9 ne. A shekarar ce kuma wani nazari na rajistar haihuwa ta ƙasar Suwidin ya nuna hawan jinin ciki a kashi 10.5 na rukunin magani da kashi 6.1 na rukunin da aka bi jiki, tare da ƙarin zubar jini bayan haihuwa a rukunin magani.

Masu kare hanyar magani suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Waɗannan nazarce-nazarce biyu ba na ƙuri'a ba ne; matan da ake ba magani sau da yawa su ne waɗanda al'adarsu ba ta daidaita ba, masu ƙiba ko masu yawan shekaru, waɗanda dama suna cikin haɗarin hawan jini. Gaskiya ne. Sai dai masu nazarin sun yi la'akari da irin waɗannan abubuwa a lissafinsu, bambancin bai gushe ba, kuma an sake ganinsa a ƙasashe daban-daban. Idan hanyoyi biyu suna kai wa ga haihuwa daidai wa daida, ɗaya kuma tana ɗauke da zargi mai dalili a ilimin jiki, to wadda ake zargi ita ya kamata ta kawo hujjar zama hanyar farko. Sauƙin tsara jadawalin ma'aikata bai isa hujja ba.

Wannan magana ta fi nauyi ga matar da za ta yi renon cikinta a Najeriya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2020 fiye da rubu'in matan da suka mutu sanadin ciki da haihuwa a faɗin duniya 'yan Najeriya ne, kuma jijjiga tana cikin manyan masu kisa a asibitocin Arewa. Asibitin dashe, ko a Abuja yake ko Legas ko Alƙahira, yakan sallami mace da zarar an ga bugun zuciyar ɗan tayi, ya rubuta ta cikin nasarorinsa. Hawan jinin kuwa sai bayan mako na ashirin yake zuwa, a wani gari, a hannun ungozoma ko likitan da bai san yadda aka shirya mahaifar ba. Wanda ya ci ribar sauƙin daban, wadda za ta biya daban.

Akwai matan da magani zalla ne kaɗai mafitarsu, kamar waɗanda gidan ƙwansu ya daina aiki da wuri. Amma ko matan da ba sa sakin ƙwai a kai a kai, da yawansu ana iya ba su ƙwayar letrozole ta kwana biyar, ƙwai ya girma ya fita, a sami rawayan gurbin da ake nema. Batun nisa ma, wanda shi ne uzuri mafi ƙarfi, yana da sauƙin da ba a cika nema ba: matar da ke Sakkwato ko Maiduguri tana iya yin hoton ciki da gwajin jini a garinsu a aika wa asibitin dashe sakamakon, ta kama hanya idan rana ta matso, domin tsakanin fitar ƙwai da dashe akwai kwanaki. Abin da bin jiki ke ci shi ne haƙuri. A gwajin Biyetnam an fi soke dashe a rukunonin da aka bi jiki, kuma jiran wata guda ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta shekara goma tana amsa tambayar dangin miji.

Saboda haka ita ya kamata a bar wa zaɓin, bayan an shimfiɗa mata duka bayanin. Mai al'ada daidai da aka miƙa wa takardar istirojin tana da haƙƙin ta tambayi likita ko akwai wani dalili a jikinta da ya hana a bi ƙwanta. Wadda kuma ta riga ta ɗauki ciki ta hanyar magani, babu abin firgita, domin mafi yawan irinta suna sauka lafiya. Amma ya kamata wannan bayani ya shiga katin awonta tun zuwan farko, a riƙa auna jininta da fitsarinta a kai a kai, likitan awo kuma ya duba ko tana cikin waɗanda ƙaramin asfirin zai amfana.