Noti ne kawai, ba sai an sayo sabuwa ba

A makarantar nan akwai kalmar da ta fi tsatsa cin kaya, ita ce "ya lalace". Da zarar wani ya furta ta, shi ke nan, sai a kai abu sito a rufe, a fara rubuta takardar neman kuɗin sabo. Abin da ke shirin faruwa da na'urar hangen taurari ta ƙungiyarmu ta kimiyya ke nan. Ni dai ban yarda a cire ko sisi daga kuɗin ɗalibai a sayo wata ba, kuma ga dalilina.

Laifin na'urar ɗaya ne. Ka saita ta a kan wata, ramukansa su fito tar, kafin ka kira na bayanka ya leƙa hoton ya dushe. Idan aka maƙala waya don ɗaukar hoto, abin ya fi muni. Gilashinta lafiya lau, ƙafafunta garau. Abin da ke zamewa shi ne fokasa, wato ɗan bututun da ake murza shi ciki da waje har gani ya daidaita.

Irin fokasar da ke jikin tamu sunansa Crayford. Wani injiniya ɗan Ingila mai sha'awar taurari, John Wall, shi ya ƙirƙiro shi, aka buga bayaninsa a 1971, aka kuma sa masa sunan ƙungiyar masu kallon sama ta garin Crayford inda yake mamba. Mutumin bai ma yi rajistar mallakar fasahar ba, ya bar wa kowa ya ƙera. To abin da aka tsara don mutum ya haɗa da hannunsa, shi ne mu 'yan poli za mu ce ya fi ƙarfinmu? Haba jama'a.

Babu haƙoran giya a cikinsa. Bututun yana kwance ne a kan ƙananan boris guda huɗu, an kuma shafe gefensa ɗaya ya zama fili. Wata siririyar sandar ƙarfe, wadda maɓallan murzawa ke jikinta, tana danne wannan filin. In ka murza, gogayya ce kawai ke tura bututun. Duk wanda ya zauna ajin fiziks a ND 1 ya san sauran labarin: ƙarfin riƙo ya dogara ne da yawan dannawa da kuma yanayin fuskokin da ke gogar juna. Dannawa ta ragu, ko maiƙo ya shiga tsakani, sai nauyi ya yi nasara. Shi ya sa zamewar ta fi yawa in an ɗaga na'urar sama sosai, don a lokacin fokasar na kallon ƙasa, ga waya mai kusan giram 200 tana ja. Kuma motsin da bai kai milimita 1 ba ya isa ya ɓata hoto.

A ƙarƙashin fokasar akwai noti iri biyu, kuma nan mutane ke rikicewa. Babban da ake murzawa da yatsa na kullewa ne bayan an gama saiti. Ƙaramin da ya nutse ciki, wanda sai da alanki, shi ke ƙara wa sandar dannawa. Na ga masu ɗaure babban tamau sannan su murza maɓalli da ƙarfin tsiya. Wannan goge ƙarfen kawai yake yi, ya ƙara masa santsi. Gyaran gaskiya shi ne a sassauta na kullewa, a zaro bututun iyakarsa, a goge filin da sandar da auduga da sifirit har maiƙon hannu da ƙurar hunturu su fita. Kada wanda ya kawo giris ko baƙin mai nan wurin, don Allah. Ba keke ba ne. Sannan a ƙara ƙaramin notin kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a ɗaga na'urar sama da wayar a jiki, a jira a gani. In ya zame a ƙara. In murzawa ta fara tauri ko tana gurzawa, an wuce, a koma baya, don matsi mai yawa na iya fasa boris. A duba ɗan notin da ke riƙe maɓalli a jikin sandar ma, wani lokaci shi ne ke juyawa a banza.

Idan duk wannan bai yi ba, wataƙila filin ne bai miƙe daidai ba tun daga kamfani, sandar na taɓa gefe biyu kawai. Masu wannan harka kan gyara shi da dutsen wasa wuƙa mai laushi, a hankali. Wannan kam na yarda sai a wokshof, gaban malamin da ke kula da mu.

Na san abin da za a ce: ɗalibai za su ƙarasa ta. Tsoron ba na banza ba ne, mun ga yadda wasu ke wasa da kayan lab. Amma gyaran nan bai kai ga gilashi ba ko kusa, kuma na'urar da ke kulle a sito ai ba wanda take amfana. Sabuwar ma da dala za a sayo ta, kuma in irin wannan fokasar ce a jikinta, ita ma wata rana za ta zame. A lokacin sai mu sake rubuta wata takardar?

Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai shi ne su ajiye maganar saye, su nemi izini a miƙa na'urar ga 'yan sashen injiniyan kanikanci na yini ɗaya, da alanki da kwalbar sifirit. In ta gyaru, a ɗinka mata riga saboda ƙura, a kafa dokar cewa ba mai juya ta wajen rana, don hakan na makantarwa nan take. Sannan a fito da ita fili bayan Magariba. Akwai ɗalibai da yawa a nan da ba su taɓa ganin watanni huɗu na Jupita ba, waɗanda Galileo ya hango tun 1610 da na'urar da ba ta kai tamu ba.